Yadda Tsaftata Ta Kashe Kifin Teku A Ƙauran Namoda

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na elementare na tsaya, shi ma malamin lissafi ne ya roƙi mahaifina ya ɗauke ni don makaranta ta samu zaman lafiya. A shekarun da aka yanke mana jihar Zamfara ni direban babbar mota ne, ina lodin wake da dawa daga kasuwar Ƙauran Namoda, wani zubin Shinkafi, in kai Ikko. Ina da gira mai kauri da leɓe wadatacce, ina kuma ganin duk wanda bai taɓa ganin teku ba bai isa ya yi mini gyara ba. Da wannan ra'ayi na faɗa wahalar da zan ba masu karatu labari.

Ana tsakiyar murnar ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da wa'azi da sabbin gemu, sai uwar 'ya'yana ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Harshenta ya yi nauyi, kalma guda sai ta yi ta janta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Abin da ya fi ciwon tayar mini da hankali shi ne ta juya fuska ga bango. Matar da in ta fara dariya har maƙwabta ke leƙowa, ta koma sai ɗiyarmu ta yi ta lallashi kafin ta karɓi cokalin kunu. Likita ya ce mini magani nasa ne, amma son rayuwa sai mu nemo mata da kanmu. Na rasa a wace kasuwa ake sayar da shi.

Wata tafiya da na yi Ikko, ina jiran a sauke kaya, wani Bahaushe ɗan dako ya ja ni wurin wani mutum mai kiwon kifayen teku cikin akwatunan gilashi. Na tsaya baki buɗe. Ga ja, ga shuɗi, ga mai zane kamar atamfa. Nan take na ce wannan ne zai juyo da fuskar tsohuwata, wato matar tawa, daga bango. Na nuna wani rawaya mai sheƙi. Mai kifin ya ji inda zan kai shi da ƙanƙantar akwatin da motata za ta iya riƙewa, ya girgiza kai. Ta bakin ɗan dakon ya ce wancan yana son fili, ba zai kai Jebba da rai ba. Ya nuna mini wani ɗan mitsitsi ruwan ƙasa, bai fi yatsa ba, yana zaune bisa dutse ya dogare da fukafukan gaba kamar tsoho a majalisa. Ya ce sunansa bileni, yana da juriya, kuma guda ɗaya tak zan ɗauka, don in biyu suka haɗu a ƙaramin wuri faɗa za su yi ta yi. Na ce a garinmu ko baƙo ba a barinsa ya ci abinci shi kaɗai. Ya ce to wannan baƙon ya fi son hakan. Ya haɗa mini da duwatsu masu kore-kore, da jarkokin ruwan teku, da buhun gishirinsu, da ɗan inji mai hura iska da batirin mota. Ya ce in ajiye akwatin inda haske ke shiga, in rufe samansa don kifin na tsalle, in ruwa ya ragu kuma in cika da ruwan daɗi. Ya ci gaba da bayanin duwatsun, ni kuwa idona na kan rawayan nan, ina ta gyaɗa kai irin na masu ilimi.

Ban taɓa tuƙi da ladabi irin na wannan dawowa ba. Kowane rami sai na yi masa sallama. Allah Ya nufa kifin ya iso da rai, na girke akwatin gefen tagar ɗakinta. Da farko ko kallo bai ishe ta ba. Ran nan na shigo na tarar ta juyo, kafaɗarta na rawa. Na zaci ciwon ne ya tashi, ashe dariya ce. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna kifin, ta nuna ni. Na duba da kyau, wallahi sai na ga gaskiyarta. Yana da wasu 'yan gashi a saman ido kamar gira, ga leɓe, ga juya ido ɗaya-ɗaya yana bin duk mai wucewa, ba ya aikin fari ba ya na baƙi. Daga ranar ta sa masa suna Direba. In ɗiyarmu ta kawo kunu sai ta ce a bari ta ga Direba ya ci tukun, in ya bi gilashi yana sumbatarsa da leɓe, ita ma ta buɗe baki.

Labari ya bazu. Lokacin kowa ya zama mai fatawa, har a tashar mota aka yi gardama ko ɗaure kifi a kwalba ya halatta. Na je na tambayi limaminmu. Ya ce babu laifi, amma wanda ya tsare dabba ciyar da ita na wuyansa, kuma za a tambaye shi. Na ce ai ni gwangwanin abinci ma na sayo masa. Ban gaya wa liman cewa kifin ko shinshina abincin gwangwanin ba ya yi ba, don ni kaina ban tsaya na tambayi kaina to mi yake ci ba.

Da bazara ta kama, gansakuka ta lulluɓe duwatsun, ta hau gilashin, kore shar. Sai ga 'yan dubiya daga Zurmi, dangin matata, cikinsu har da ƙanwarta, wadda tun ranar aurenmu ba ta taɓa raga mini ba. Ta leƙa akwatin ta tafa hannu. Ta ce yo ashe ɗan bokon gidan nan kwamin shayar da awaki ya ajiye a ɗakin marar lafiya. Ta ce a Zurmi ko randar bayan gida ba a bari ta yi wannan kore, kuma yanzu da ake ta wa'azin tsarki, mijin yayarta ne kaɗai bai ji ba. Mata suka kwashe da dariya. Na yi dariyar yaƙe ni ma.

Suna fita na tuɓe riga. Kowa ya san yadda ake wanke randa a ƙasarmu, da soso da rairayi har sai ta yi ƙara. Na juye kifin a kwano da ruwansa, na goge gilashin tas, na kankare duwatsun na shanya su a rana sai da suka yi fari kamar ƙashi. Ina cikin aikin tsohuwata na ta bugun katifa da hannun hagu tana jan wata kalma. Ban jira ta ƙarasa ba. Na ce mata na sani, na sani, ai ba sai ta gode ba, aikina ne. Don kada koren ya dawo na ja akwatin daga taga na kai lungu mai duhu. In na ga ɗan ɗigon kore ya ɓullo, in bi shi da tsumma.

Direba ya shiga bin gilashi yana sumbata, ba komai a kai. Cikinsa ya fara lotsewa. Na barbaɗa masa abincin gwangwani, na gwada tsaki, na gwada ɓarɓashin burodi, har gwaiduwar ƙwai, ruwa ya yi ta ɓaci ina ta canzawa har gishirin ya kusa ƙarewa. Na bar tafiya Ikko, na zauna jinyar mutum biyu, ɗaya a gado ɗaya a kwalba, kuma duk wanda ya ƙi ci ɗayan ma sai ya ƙi. Na rame, na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Sai da wata rana ƙarfina ya ƙare na zauna bakin gadon na yi shiru, sannan ta samu sarari ta ja maganarta har ƙarshe. Ta ce koren nan shi ne tuwonsa. Kullum tana kwance tana kallonsa yana kiwo, har sawun leɓensa take gani a jikin gilashi. Abin da take son faɗa mini ke nan ranar wanki.

Na mayar da akwatin taga da gudu, amma gansakuka ba ta jin umarnin direba. Kafin ta tsiro, da hantsin wata Laraba, na tarar da shi kwance a gefen farin dutsensa. Tsohuwata ta dube shi, ta juya fuska ga bango. Ɗiyarmu ta tsaya da kwanon kunu tana hawaye.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na fitar da akwatin, na jawo kujera 'yar tsugunno na ajiye a gurbinsa gefen taga, na zauna na dogare da gwiwar hannu, na ɗaga gira, ina juya ido ina motsa leɓe. Dattijo da ni, mai jikoki. Na daɗe a haka har wuyana ya ƙage. Can ta waiwayo. Ta ƙare mini kallo, ta ja numfashi, ta ce wa ɗiyarmu a ba wannan kifin kunu maza, kuma a ɓoye soso kada ya kankare kansa. Ta karɓi cokali. Shekarun da suka rage mata, kafin Allah Ya karɓi abinsa, kusan kullum sai na yi wannan zama, kuma ba ta sake kirana da wani suna ba sai Direba.

To masu karatu, wanda ya ga kifin teku ya yi sha'awa, ya zaɓi ƙaramin da akwatinsa zai ɗauka, guda ɗaya, ya kuma tambayi abin da yake ci kafin ya tambayi launinsa. Kada gorin 'yan dubiya ya sa shi wanke abin da bai san amfaninsa ba. Wanda kuma ke da marar lafiya mai nauyin harshe, ya zauna ya jira kalmar ta fito duka. Ni na yi gaggawar amsa godiyar da ba a yi mini ba, kuma har yau in na tuna maganar liman sai in ji nauyi. Kujerar na nan gefen taga. Wani lokaci da hantsi nakan zauna a kanta in ɗaga gira, sai in tuna gadon ba kowa.