Ranar da Mushe Muttaƙa Bai Yi Gaisuwa Ba

Duk wanda ya san Mushe Muttaƙa (Mushe muke ce wa malamin boko a nan) a Dogo-Dogo ya san in kana sauri ka hango shi tafe, gara ka sake hanya. Mutum ne mai gaisuwa. Zai tambaye ka gida, ya tambaye ka yara da gona da jakinka da ya gani yana ɗingishi, sannan ya dawo kan gida kamar ba ku yi ba. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ajina yana jikin ɗakin karatun da yake riƙe da makullinsa, don haka na fi kowa shan wannan gaisuwa, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa tana isata ba.

Shi ma koyarwa ya yi, har ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwa gaban allo, aka ba shi ɗakin karatu. Ɗaki ne na ƙasa, da littattafan Faransanci da na Hausa, da ƙamus, da na kiwo waɗanda makiyaya kan zo ranar kasuwa ya karanta musu. In ba nan ba, sai yaro ya je Magarya kafin ya taɓa littafin da ba na aji ba. Azara ɗaya ta rufin ta tsage tun bara. Iyayen yara sun yi alkawarin gyara bayan kaka, don da damina kowa yana gona.

Wata shekara aka kira masu riƙe da ɗakunan karatu wani horo a Damagaram. Can aka buɗe musu shafi a Tiwita, aka ce su riƙa rubuta gajerun saƙonni, su san juna, su koyi aiki daga juna. Mai horon ya ja musu kunne cewa wurin rubutun kaɗan ne, a tafi kai tsaye ga magana. Muttaƙa ya dawo ya ce mini komai ya gane, wannan ne kawai bai shiga kansa ba, don shi ba a koya masa faɗa wa mutane gida ba sallama ba.

Haka ya yi ta yi. Kullum da hantsi zai tsaya ƙarƙashin itacen bedin da ke bakin ƙofa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, ya gaida abokan aiki ɗaya bayan ɗaya. Ya gaida Madam Rahila mai kula da wani babban ɗakin karatu a Damagaram, ya tambayi jikin mahaifiyarta. Ya gaida Hamissou na Waca da jaririnsa. Har wani Idrisa da ke aiki a Kano, wanda bai taɓa gani ba, ya shiga cikin layi. Kafin ya iso kan maganar littafi, wurin rubutu ya cika. In ya ce zai ƙara saƙo na biyu, ko rezo ya ɗauke ko wani ya zo aron littafi, sai ya mayar da wayar aljihu hankalinsa kwance.

Sauran suna sa hoton sababbin littattafai, suna tambayar yadda ake jera kanta da yadda ake maganin gara. Shi yana karantawa, yana aiki da abin da ya koya, amma nasa saƙon bai wuce ina kwana da ya gajiya ba. Suna tsokanarsa, sun sa masa Sarkin Gaisuwa. Duk da haka ban taɓa ganin ya gaida wani an bar shi ba amsa ba.

Da damina ta kama na matsa masa ya rubuta maganar azarar, ko wani zai san dabara. Ya ce to. Washegari na duba, sai na tarar yana yi wa Idrisa barka da dawowa daga tafiya. Raina ya ɓaci sosai, na ce masa ranar da rufin nan ya faɗo sai ya gaishe shi.

Ya faɗo kuwa, wata Laraba da hantsi, bayan ruwan da aka yi tun safe. Allah ya sa ba kowa a ciki. Gefe ɗaya ya rufta, ruwa da laka suka sauka kan kantocin gabas. Muka kwashe abin da za mu iya zuwa ajina. Da rana ta buɗe, Muttaƙa ya shimfiɗa tabarmi a fili ya fara shanya littattafan kamar hatsi. Ko ni da na tsaya a gabansa bai tambaye ni gida ba. Sai ya ciro waya ya rubuta: "Rufi ya faɗi. Littattafai sun jiƙe. Me zan yi?"

Ban taɓa ganin amsa ta zo da sauri haka ba. Rahila ta ce maza ya kwashe su daga rana, za su kumbura su lanƙwashe. A tsayar da su a inuwa, a buɗe su iska ta ratsa. Idrisa ya ce masu takarda mai sheƙi a raba shafukansu tun suna ɗanye, in suka bushe a manne shi ke nan. Wata da ba mu ma san tana karanta shi ba ta ce a sa busasshiyar takarda tsakanin shafuka, a ware duk wanda ya fara funfuna. Hamissou kuwa da kansa ya taho. Da la'asar muka gan shi ya sauka daga mota da ɗaurin tsofaffin jaridu a ka.

Can sai Rahila ta kira, wayar Muttaƙa tana hannuna don nasa hannun duk laka ne. Na yi mata godiya, na ce ban zaci za su kula da sauri haka ba.

"Madam," ta ce, "saƙon neman taimako kullum muna gani. Amma da na ga Mushe Muttaƙa ya rubuta magana ba gaisuwa, gabana ya faɗi. Tashi na yi daga taro."

Muka yi kwanaki muna juya littattafai a ajina, yara suna karatu a ƙarƙashin bedi. Wasu ba su tsira ba, kuma na ga Muttaƙa ya share hawaye a kan wani tsohon ƙamus da ya zama curi. Amma mafi yawa sun bushe, sai dai kumburi da tabon laka. Iyaye suka ware rana guda daga noma suka ɗora sabuwar azara.

Ranar da muka mayar da littattafan kan kanta na ce masa ya kamata ya faɗa wa mutanensa yadda aka ƙare. Ya tafi gindin bedi ya daɗe. Na duba abin da ya rubuta. Ya gaida Rahila da mahaifiyarta, ya gaida Hamissou da gajiyar hanya, ya gaida Idrisa da mutanen Kano, wurin rubutu ya cika. Ko kalma ɗaya babu a kan littafi.

Na buɗe baki zan yi masa faɗa ke nan, sai amsar Rahila ta shigo: "Alhamdu lillahi. Littattafai sun bushe ke nan."