Bargon Dada a Kan Rufin Abbo

Duk wanda ya zauna a unguwar Yelwa ta Jalingo a wancan zamani ya san Abbo malamin dabbobi, ko da bai taɓa mallakar akuya ba. Dogo ne siriri, kullum da jakar allura a kafaɗa, warin maganin kaska na riga shi shiga masallaci. Ɗan makiyaya ne da boko ya janye daga ruga, amma bokon bai kai shi nesa ba. Ya ɗauke shi daga bayan shanun ubansa ya ajiye shi bayan shanun mutane. Taurin kai kuwa, sai dai a yi masa addu'a.

Damuwarsa ɗaya ce a duniya: maganin rigakafin ciwon huhu na shanu ba ya jure zafi. Tun da gari ya zama hedikwatar jiha mutane suka ƙaru, wutar lantarki ba ta ƙaru ba, sai a kwana uku ba a ga ƙyallinta ba. In maganin ya yi ɗumi ya zama ruwan banza, ido kuma ba ya ganewa. Saniya ba ta da bakin faɗa, sai dai a wayi gari ta fara tari. Makiyayi zai yafe maka zagi, amma ba ya yafe saniya.

A 1996 abokinsa Andrawus, mai gyaran lantarki daga Kona, ya kawo masa labarin wani ƙaramin asibitin mishan da zai sayar da farantan sola biyu, da batir, da ɗan firiji. Abbo bai yi shawara da kowa ba, ya sayar da babur ɗinsa. Aka kafa farantan a kan rufin ɗakin ajiya, wanda bai fi tsayin mutum ba. Maƙwabta suka samu abin yi, suna cewa malam ya sayar da abin hawa ya sayi madubi. Ya koma tafiyar ƙafa da rataya a bayan a-kori-kura, ga sayen ruwan batir, ga goge kashin tantabaru. Amma firijin na ta gurnani ba fashi. Matarsa Mahbuba ta roƙi wurin kwalba ɗaya ta zoɓo, ya ce firijin shanu ne.

Labari ya kai wajen Lau. Ardo Maliki, wanda ya shekara biyar yana hana a taɓa masa garke, ya aiko cewa Abbo ya zo ranar Alhamis ta sama. Abbo ya yi murna kamar an ba shi sarauta, don in ardo ya yarda da kai, rugage goma sun yarda.

A daidai nan ne mahaifiyarsa, Dada Aisatu, ta zo daga ruga ta yi bazara a gidan. Bayan 'yan kwanaki firijin ya fara sanyin jiki, ba ya sanyaya magani kamar da. Andrawus ya zo da safe, ya zo da yamma, ya bi waya, ya leƙa batir, bai ga komai ba. Abbo ya daina cin abinci sosai.

Ranar Talata ya manta sirinji a gida, ya dawo da tsakar rana, abin da bai saba ba. Yana shiga ya ga farin bargon saƙa shimfiɗe a kan farantan. Ga Dada a tsaye kan kifaffen turmi, tana gyara gefen bargon da sanda.

Ba ta dube shi ba. Abbo ɗan fari ne, kuma Dada ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sai ta juya wajen Mahbuba ta ce, "Gaya wa mutumin nan, abin da an sayar da babur an saya, ba a barin shi a rana. Ko ƙwarya yana tsagewa."

Ashe kwana tara ke nan, da Abbo ya fita sai ta lulluɓe farantan, kafin la'asar ta kwashe don kada ya gani. Mahbuba ta sani, amma wace suruka ce za ta kai ƙarar uwar miji? Abbo ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta ƙwace masa, bayanta kuma hawaye. Shekara arba'in bai san tana lura da shi haka ba. Ya bi ta kan Mahbuba ya bayyana wa Dada cewa rana ce abincin wannan abu. Dada ta sauko daga turmi ta ce abin Nasara ba ya rasa wauta.

Saura kwalaben magani. Andrawus ya juya su a hannu ya ce wataƙila da sauran ƙarfinsu, kuma ba wanda zai gane. Abbo ya haƙa rami a bayan gida ya zuba su duka. Ranar Alhamis ya tafi Lau hannu rabbana, zuciyarsa na gaya masa ya rasa ardo har abada.

Ya tarar an tara shanu ana jiransa. Ya durƙusa ya faɗi komai, har da bargon. Ardo Maliki ya yi dariya har ya dafa sandarsa, daga baya ya tsuke fuska.

"Da ka yi shiru ka soka musu, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Baffa."

Ardo ya daɗe yana kallon garkensa. Ya tambaya yaushe sabon magani zai iso, Abbo ya ce sati biyu.

"To ka ƙaro kwalabe," in ji ardo. "Shanun ƙannena ma za a tara maka."