Hoton Tsohuwar Mamudo

Na daɗe ina sana'ar ɗaukar hoto a Potiskum. Na ɗauki na biki, na suna, na 'yan makaranta, da na fasfo babu iyaka, yawancinsu ko an nuna min yanzu ba zan gane aikina ne ba. Amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

Lokacin kamfe ne, ana neman kujerar majalisar jiha. Ina da ɗan shago a unguwar Hausari, ina hoto, ina kuma tsara fastoci a kwamfuta. A irin wannan lokacin mu masu wannan sana'a ba mu da jam'iyya. Ɗan takara ya zo da safe mu ƙara masa hasken fuska, abokin hamayyarsa ya zo da yamma mu yi masa haka.

Wata rana mai kula da tallan ɗaya daga cikin manyan 'yan takarar biyu ya shigo shagona. Na san shi, tare muka yi firamare. Ya ce in je ƙauyen Mamudo in ɗauko masa hoton wata tsohuwa a ƙofar gidanta, mahaifiyar wanda suke karawa da shi.

Na ce, "Me za ku yi da hoton tsohuwa?"

Ya ce, "Kai dai ka tabbata katangar gidan ta fito sosai."

Da zan iya cewa ban gane nufinsa ba, da na faɗa. Na gane sarai. Abin da na gaya wa kaina shi ne, ni ba zan ƙirƙiri komai ba, abin da ke wurin kawai zan ɗauka.

Na isa da hantsi, lokacin kaka ne. Na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, awaki na kewaye ta. Gidan na ƙasa ne, gefe ɗaya na katangar ruwan damina ya zubar da shi, an tare da zana. Na gaishe ta, na ce hotunan dattawan gari nake ɗauka. Ta yi dariya, ta ce da Hausarta mai harshen Ngizim, "To ɗan nan, ai ba za a ɗauke ni haka ba. Bari in sako mayafina." Tana yunƙurin tashi, hannu ɗaya a ƙasa, fuska a yamutse saboda ciwon gwiwa, na danna kyamara. Da ta fito cikin mayafinta mai kyau ta zauna tana murmushi, na sake ɗauka. Ta cika min leda da gyaɗa, na tafi.

Hoton farkon aka zaɓa. Ni na cire masa kala, na ƙara masa duhu, na rubuta a ƙasansa abin da aka ba ni: "Wanda bai riƙe mahaifiyarsa ba, ku zai riƙe?"

Kafin kwana uku fastar ta cika gari, a bango, a bayan keke napep, a wayoyin mutane. Magoya bayan ɗanta suka yi ta bayanin cewa ya daɗe da gina mata gida a unguwar Dogo Tebo cikin gari, ita ce ta ƙi tashi. Gaskiya suka faɗa, amma bayaninsu dogo ne, fastar kuwa layi ɗaya ce.

Bayan mako guda, ina zaune a shago da safe, keke ya sauke ta tare da wata maƙwabciyarta. Ta shigo da fastar a ninke a hannu. Na ba ta kujera, muka gaisa har ta tambayi iyalina. Sannan ta warware takardar a kan tebur.

Ta ce, "Duk wanda na ba shi ya karanta min sai ya ce gaisuwa ce aka rubuta. Amma mata suna ta shigowa yi min jaje, ba a kuwa yin jaje a kan gaisuwa. An ce kai ka rubuta. Karanta min."

Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, aiki ne aka kawo min."

"Ban ce ka yi laifi ba. Karanta."

Na karanta mata. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye ni ina wanda ta sa mayafi. Na buɗe mata shi a kwamfuta. Ta matso da fuskarta, ta ce, "Wannan ya fi kyau." Da ta miƙe za ta tafi ta ce, "Katangar nan babansa ya gina ta da hannunsa kafin ya rasu. Sau uku yaron yana turo masu bulo ina korarsu."

A cikin makon ta raba awakinta, ta bar wa wani ɗan uwa gonarta, ta koma gidan Dogo Tebo don a daina zagin ɗanta. Ba a daina ba. Ɓangarensa suka fitar da hotonta a sabon falo, ɗaya ɓangaren suka ce ai kunya ce ta sa ya ɗauko ta. Aka yi zaɓe, ɗanta ya faɗi. Ban san ko fastar ce ta kayar da shi ba, don abubuwa da yawa ke kayar da ɗan takara. Kafin zaɓe na gaba 'yan takarar biyu sun koma jam'iyya ɗaya, har na ga hotonsu a fasta guda suna riƙe da hannun juna.

Ita kuwa ba ta koma Mamudo ba. Nakan wuce ta Dogo Tebo in hango ta a bakin get a kan kujerar roba, tana kallon keke na wucewa, hannunta babu aikin komai. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tsaya na nemi gafararta. Ta ce ta yafe tun ranar, sannan ta tambaye ni ko na ji an yi ruwa a Mamudo. Bayan 'yan shekaru Allah Ya yi mata rasuwa a wannan gidan.

Abin da na koya shi ne, ana iya shirga ƙarya da abin da kowane ɓangarensa gaskiya ne, kuma wanda ya haɗa ta ba zai fake da cewa aiki aka ba shi ba. Masu jifan juna a kamfe sukan shirya in buƙatarsu ta haɗu. Wanda aka ɗauka aka yi jifan da shi, shi ne ba mai komawa ya tambayi inda ya faɗa.