Kowa da Auduga a Hannu

Mun tashi da asuba daga Geceme, ni da wata likita daga Yamai da malamin asibiti da direba. Ku da kuke cewa lakwal ɗina, makarantar bokon nan ta aji uku, ba ta tsinana mini komai ba, to ku ji: mota sukutum anka turo ƙofar gidana. Suna binciken wata sabuwar hanyar gano tarin fuka a gidan kaso, kuma ƙa'idar aikinsu ta ce wanda bai iya karatu ba, sai wani na waje, ba likita ba, ba mai tsaro ba, ya ji da kunnensa cewa mutum ya fahimta kuma ya yarda don kansa. Watau aikina zama ne da saurare. Uwargida ta ce zaman dai ta shaida na iya.

Hanyar Tibiri ruwan bana ya cinye ta gefe da gefe. Direba sai ya kauce wa rami ya faɗa wansa. Amma fadama ta yi kyau, giginyu tsaitsaye, rake ya fara kai, dammunan hatsi jibge bakin rumbuna. A Kore Mairuwa munka hau kwalta, 'yan haƙoran da sunka rage mini sunka samu hutu. Nan munka karya da kopto, kwaɗon zogalen nan. Mai sayarwa ta ce mai ya yi tsada, ni kuwa na ce na gani, tunda daga nesa ta nuna wa zogalen kwalbar.

Da hantsi munka shiga Dogon Dutsi. Tsakar gidan kason a share take tas, mutane zaune a inuwar bango, wasu na tufkar igiya. Likita ta yi bayani, ni ina gyara mata Hausar Yamai: kaki za a karɓa da ɗan jini, abin ba ya rage wa kowa kwanan kaso, ba ya ƙarawa, kuma wanda ya ƙi, ba a hana shi magani. Ba ta rufe baki ba sunka haɗa murya: "Mun yarda!" Na ji daɗi, na ce a raina yau azahar a gida. Ita kuwa sai ta ɓata rai. Ta ce mini a hankali, "Baba, mutanen da kullum ake ce wa tashi su tashi, wannan amsar ba ta ishe ni ba."

Sai anka ba mu ɗaki, mai tsaro ya koma can ƙarƙashin dogonyaro, anka riƙa shigowa ɗaya ɗaya. Na farko-farko sun ba da nasu, sun fita da auduga manne a hannu. Can sai ga wani, zan ce dogo ne, ko da yake na sauya masa tsawo saboda masu bin diddigi irinku. Tari yake yi mai ban tausayi, shari'arsa ma ba a yanke ba. Tun bai zauna ba ya miƙo hannu, amma hannun a dunƙule yake, fuska kuma na kallon bango.

Na ce, "Ɗana, wannan hannun bai yarda ba. Mi ya faru?"

Ya ce, "Baba, inna ta ce jinin gidanmu ba shi fita sai an tambayi doguwa, aljanar gidan. To in na ƙiya, alƙali ya ji fa? Ga tarin ga."

Na ce, "Alƙali ba shi ji. Kai, dube ni. Ni allura ko ta ɗinki ce ba mu shiri. Ko sun nemi nawa ba ni badawa, kuma gaban mota suke zaunar da ni."

Ya dube ni ya ce, "Kai gida za ka kwana yau, Baba. Ni in na fita ba auduga, tsakar gida duk sun gani. Sarkin ɗakinmu ya ce kada wanda ya kunyata gida gaban baƙi."

Na juya na dubi likita.

Likita ta tsinko auduga ta manna masa a hannu, ba allura ba komai. Ta ce, "Daga yanzu duk wanda ya shigo ɗakin nan da wannan zai fita." Ta auna ƙirjinsa, ta ce wa malamin asibiti a duba tarin nan yau ta hanyar da aka saba, ba ruwansa da bincike. Sannan ta ce, "Malam, yanzu ina tambayarka. Ka yarda?"

Bakinsa ya motsa ban ji komai ba. Na ce, "Ɗaga murya, shaidarka kurma ne." Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "A'a." Ta ce, "To, madalla. Na gode."

Bayansa aikin ya ja, don kowa sai an faɗa masa maganar audugar kafin a tambaye shi. Wasu sun yarda bayan sun yi ta tambaya, har wani ya so ya san ko jininsa zai hau jirgi. Wasu sun ƙi. La'asar sakaliya munka fito, na sayi tsire a tasha don toshe bakin gida.

Bayan magariba anka sauke ni Geceme, ƙugu ya ƙage. 'Yan majalisarmu sunka taso da tambaya, su nawa sunka ƙi, ɗan wane na ciki? Na ce kowa na gani da auduga ya fita.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne, daidai karatuna. Na tafi da zaton shaida aikinsa ya ji an ce "na yarda". Ashe wannan ko daga bakin ƙofa ana jin ta. Wadda ta sa anka ɗauko tsoho tun daga Geceme ita ce ɗayar, watau "a'a", wadda sai an rufe ƙofa, an jira, an sake tambaya take fitowa. Allah Ya ba dogon nan lafiya, Ya sa alƙali ya tuna da shi.