Mataccen Firigo Mai Busar da Kilishi

Duk wanda ya san ni a Zangon Kwatano ya san bakina ba shi da birki. Ni ne na ce sauron garin nan sai ya yi sallama, ya ɗaga gidan sauro da hannu ɗaya, sannan ya shigo. Ni ne na ce na taɓa yin kilishin da ƙamshinsa ya tsayar da motoci har can unguwar Sainte-Rita. A yi dariya, in yi dariya. Ban taɓa zaton da wannan dariyar za a yanka ni ba.

Kilishi gadon gidanmu ne. To amma kilishi ɗan rana ne, Kwatano kuwa garin teku, iskarsa ma a jiƙe take. Da damina sai ka fere nama, ka shanya, ka tsoma a labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, ka sake shanyawa, kafin ka juya ya yi fumfuna. Iyayenmu dai sun ce haka garin yake, a yi haƙuri.

Ni kuwa abin ya hana ni sakat. Wata rana na shiga motar wani da aka bari a rufe cikin rana, zafi ya kusa gasa ni. Na fito ina gumi ina tunani: in gilashi na kama zafi haka, me zai hana ya kama wa namana? Na sayi mataccen firigo, wato firiji, wurin masu gwangwan, na cire ƙofar na sa gilashin taga, na shafe cikin da baƙin fenti. Naman farko ya dahu maimakon ya bushe. Na biyu ko karen unguwa shinshinawa ya yi ya kau da kai. Sai da na huda ƙasa da sama, na rufe hudojin da raga saboda ƙuda, iska ta samu hanya, sannan abu ya yi.

Mutum ɗaya ya ga duk wannan wahala: aminina, wani Alhaji mai kilishi kamar ni, wanda muke cin tuwo a kwano ɗaya tun muna samari. Da shi muka ɗauko firigon. Kullum yana zaune a gefe yana tsokanata.

"Injiniya, yau kuma jirgin sama za a ƙera?"

"Alhaji, in ya tashi kai zan sa a gaba, ko nauyinka ya dawo da mu."

Yana dariya yana tambaya. Wannan hudar ta mece ce? Me ya sa baƙin fenti? Ni kuma ina zuba, don a wurina tunani ba ya nuna sai an baje shi gaban mutane.

Sai ya ɗauke ƙafa daga gidana. Ya ce hidima ce ta riƙe shi a Godomey, can bayan gari.

Bayan damina sarkin fawa ya tara mu masu nama, wai za a nuna mana wata hikima. Na je da rahata. Aka yaye buhu, sai ga firigona. Ba nawa na gida ba, amma har hudojin a inda na yi su suke, sai dai an shafa wa wannan shuɗin fenti ta waje. Alhaji na tsaye a gefensa cikin sabuwar shadda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan aikina ne. Ga Alhaji nan, a tambaye shi."

Na dube shi ina jiran ya ce haka ne. Wallahi ko da rabin baki ya faɗa, da na yafe.

Ya yi murmushi ya ce, "Jama'a, kun dai san mutumin naku. Ba shi ne sauro ke yi wa sallama ba?"

Wurin ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Gobe ma zai ce shi ya haƙa teku!" Na rantse, suka ƙara dariya. Na ce a zo gida a gani, aka ce ai kwaikwayon na Alhaji na yi. Shekara da shekaru ina ba su dariya kyauta, ran da na zo da gaskiya babu mai saya.

Yanzu a Zango sunan abin akwatin Alhaji. Har ni, in mai saye ya nuna nawa ya ce, "A'a, kai ma ka samu akwatin Alhaji?" sai in ce na samu.

Har gobe ina zuwa majalisa, ina ba da labarin sauro, ya ma ƙara girma, yanzu da takalmi yake shigowa. Amma akwai wata dabarar hura wutar gashi da nake juyawa a kaina tun bara. Ta kusa nuna. Kwanan baya Alhaji ya zauna kusa da ni, ya turo mini kwanon tuwo, ya ce, "Injiniya, me ake ƙerawa yanzu?"

Na ce masa babu komai, na tura kwanon gabansa, na ce na ƙoshi.