Kwana Ɗayan Da Haladu Ya Roƙa

Da safen nan ina tsaka da shan koko waya ta shigo: Haladu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu kofin na nan inda na ajiye shi.

Manoman Funtua sun san shi, ko ba su san sunansa ba. Shi ne siririn nan mai tari da ke tsaye a shagon taki da maganin feshi na wani Alhaji. Mutane kan ce "shagon Haladu". Ko ƙusar da ke jikin ƙofar ba tasa ba ce.

Kakata, wadda ta ga zamanin fatake tun kafin Turawa, takan ce jakin da ke ɗaukar gishiri shi ne bai san ɗanɗanonsa ba. Ban gane ba sai da na ga 'yar gonar Haladu. Mutumin da buhunan taki suka gama cin kafaɗarsa, dawarsa ta yi rawaya don yunwa.

Shi ke karanta mana rubutun jikin kwalba. Na taɓa miƙa hannu kan mai tsada, ya rage murya ya ce, "Baba, bar wannan, kwalbar ce kawai mai kyau."

Bai taɓa barina na ɗaga buhu ba.

Tun safe har magariba yana cikin warin maganin nan, ba taga, ba takunkumi. Alhaji na can ciki bayan gilashi, na'urar sanyaya ɗaki na busa shi. Ya je Umara ya fi a ƙirga, Allah Ya karɓa.

Ranar Litinin waccan na same shi ya dafa kanta yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Na ce, "Kai Haladu, tarin nan ya girme ka. Asibiti fa?"

Ya yi dariya. "Akwai likitan ƙirji a Malumfashi, Baba. Kwana ɗaya na roƙa. Alhaji ya ce yanzu ake rububin taki, in bari damina ta ja baya."

Na ce ya tafi abinsa mana.

"In na tafi, kafin in dawo an sa wani. Mutum goma na jira a bakin ƙofa. Yara kuma ba su san damina ba, tuwo suka sani."

Ga abin da ya hana ni ƙarasa kokon nan. Mahaifin Alhaji abokina ne, a gabana aka raɗa wa Alhaji suna. Na ce wa Haladu ya bar ni da shi, zan yi masa magana. Ya ce, "Allah Ya ja kwana, Baba," har da rusunawa.

Na ce sai Juma'a. Juma'a ta zo na ce sai na gama noman biyu.

Jiya bayan la'asar ya faɗi tsakanin buhuna. Can Malumfashin aka kai shi, a bayan motar ɗaukar taki. Sun isa, likita ya duba, ya rufe shi da mayafi.

Da muka dawo daga maƙabarta na bi ta shagon. A buɗe yake. Har an sa wani, ya fara atishawa.

Na shiga bayan gilashin nan na yi maganar da ya kamata in yi tun Litinin. Alhaji ya sunkuyar da kai. Ko ta shiga, Allah masani.

Ya Allah Ka gafarta wa Haladu, Ka ba shi hutun da mu muka hana shi, Ka raya marayunsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In kuma akwai mai tari a shagonka, sallame shi ya ga likita yau, kada ka ce sai Juma'a.