Ranar Da Inna Ta Zaɓa Mini Mota

Ko gigin tsufa ya cinye mini komai, ba na jin zai cinye ranar da mahaifiyata ta kunyata ni a ƙofar gidanmu, unguwa guda tana kallo. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, jikokina su ɗauka taɓuwa ce ta fara.

Lokacin ina da 'yar warsha ta gyaran mota a bayan Bab Makka, zamanin da kamfanonin gina hanya suka cika Jidda. Wani Bature injiniya da nake gyara wa mota zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini karafan ɗinsa, wato ɗaki mai taya da ake ja da mota. Akwai gado a ciki, da taga, har da wurin dafa shayi. Ina ganin gadon nan murna ta kama ni, domin Inna ce ta faɗo mini.

Ciwon baya ya kwantar da ita shekara huɗu. Ba ta iya zaman mota ko na rabin awa. Babanmu kuwa a Madina ya rasu, can aka rufe shi a Baƙi'a, kuma ba ta da wata magana sai ta a kai ta ta yi sallama ga Annabi, ta gaida Malam ɗinta kafin ta bi shi. Ga gado mai tafiya Allah ya kawo. Saura motar da za ta ja shi.

Na yi sati ina zarya a haraj, kasuwar motocin hannu. Wagon nake nema, doguwar nan mai ƙofa a baya, don ta kwashe ƙanwata da kayanmu. Sai na haɗu da wata ja. Kai! Fitilu huɗu, kujeru kamar na gidan attajiri, in ta yi gurnani har cikinka kake ji. Kusa da ita akwai wata mai ruwan ƙasa, fenti duk ya koɗe, ko kallo na biyu ban yi mata ba. Na dawo gida ina cewa halas, shi ke nan, na samu.

Inna ta ce, "A kawo mini ita in gani. Da wata, don ba a zaɓe da abu ɗaya."

Na ce, "Haba Inna, shekara goma sha biyu ina cikin inji!"

Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Cewa kawai ta yi, "Kai wannan, bayana za a ɗora ko naka?"

Washegari da hantsi dillalin motocin ya kawo jar da mai ruwan ƙasar lungunmu, shi da ƙaninsa. Muka fito da Inna a kan katifa, muka jingine ta a bakin ƙofa. Na buɗe injin jar ina ta zuba bayani. Ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta sa aka buɗe ƙofar baya, ta aika ƙanwata ta kira maƙwabtanmu masu tuyar waina, mata biyar, kuma masha Allah babu ramammiya a cikinsu.

"Ku hau ku zauna mini a gindin nan," in ji ta.

Dillali ya ce, "Ya Hajja, mota ce fa, ba raƙumi ba!"

"Yalla, ku hau," in ji Inna.

Suka hau suna ƙyalƙyala dariya cikin mayafi. Jama'a! Jar motata ta durƙusa kamar akuya za ta sha ruwa ta baya. Hancinta ya ɗaga sama, bututun hayaƙi ya kusa taɓa ƙasa, wani abu ya ce ƙiii a ƙarƙashi. Lungu ya kwashe da shewa. Na leƙa ƙasa, sai ga sifirin na baya duk ya mutu, ga tsatsa ta ci shasi daidai inda za a ɗaura ƙugiyar jan karafan. Ni bakanike, sati guda ina shafa mota, ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin bayanta ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matan suka koma kan mai ruwan ƙasa. Ta ɗan rusuna kaɗan, ta tsaya cak.

Sannan Inna ta yi magana. Ita da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa tana yarinya, ta Sudan, shekara shida a hanya, kuma ita ke ɗaure wa jakunan ayarinsu kaya. Ta ce, "Babana bai taɓa sayen jaki don kukansa ba. Ƙugunsa yake dannawa da hannu biyu. Je ka gwada mini tsayawarta kuma, don na ga jaki mai ƙarfin hawa ya zubar da mu a gangara."

Na shige ƙarƙashinta da kaina. Shasi garau, lagireto babba, giyar hannu, birki na kamawa tun kafin ka gama takawa. Na fito fuska duk baƙin mai, na ce wa dillali wannan muke so. Ya ce in Hajja na neman aiki, akwai kujera a haraj.

Ranar tafiya ma ba ta bar ni ba. Na jibge jarkokin ruwa da buhun shinkafa a ƙarshen karafan, ta sa na sauke duka. A tsakiya za a sa, bisa tayu, dama da hagu nauyi ɗaya, yadda ake yi wa mangala. Na yi yadda ta ce.

Muka kama hanya bayan asuba, ƙanwata na tare da ita a cikin karafan. Ina ta leƙen madubi ina ganin ɗaki guda yana bina. Bayan mun wuce Badar, a wata gangara tsakanin duwatsu, sai ga raƙuma sun ɓullo kan kwalta. Na taka birki ina salati. Na ji karafan ya turo mu da dukan nauyinsa, motar ta dafe ƙasa, ba ta karkace ba, muka tsaya saura taku kaɗan. Na fita a guje, na buɗe ƙofar karafan.

"Inna! Lafiya?"

"Shayina ka zubar," in ji ta. "Ja mu tafi."

Da la'asar muka shiga Madina. Ziyarar masallaci washegari muka kai ta a kan makara ta masu ɗaukar tsofaffi, amma a ranar da muka iso, da Baƙi'a ta ce a fara. Mata ba sa shiga, don haka na raɓa karafan jikin katanga, na daidaita tagarta da wata kafa da ake hango kaburbura. Muka ɗaga mata kai da matashi. Ta daɗe tana kallo, hawaye na bin kuncinta, bakinta kuma murmushi.

"Salamu alaikum, Malam," ta ce. "Ka ce ba zan iya zuwa ba ko? To ga ni, da ɗakina da gadona. Ɗanka ne ya kawo ni."

Nan na juya baya na yi kuka kamar yaro, don daɗi. Ba ta ce masa ita ta zaɓi motar ba.

Abin da na koya ke nan: in za ka ɗauki wani aiki, tambayi wanda ya taɓa ɗaukar kaya a rayuwarsa, ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya ba. Da na bi ilmina a ranar, a gangaren Badar zan rufe uwata.